CD, DVD ko Blu-ray: Wanne Faifai Ya Fi Riƙe Taku Wajen Naɗar Sauti da Bidiyo?

Duk wanda ya shiga shago neman faifan da zai zuba aikinsa, ko tafsirin azumi ne da aka naɗa shekara da shekaru, ko tsofaffin shirye-shiryen gidan rediyo, ko bidiyon biki da mai shi ya nace a ba shi a faifai, tambayar farko da yake yi ita ce wanne ya fi cin kaya. Tambayar ba ta da laifi, sai dai amsarta ba ta bambanta faifan da zai karantu lafiya bayan shekara goma da wanda zai riƙa tsalle yana maƙalewa tun a watan farko. Abin da ke bambanta su shi ne yadda na'urar karatu ke bin takun abin da aka rubuta, ta san inda kowane bit, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta wadda ko 0 ce ko 1, ya fara da inda ya ƙare, ta kuma iya sake kamo takun cikin hanzari idan karce ko ƙura sun ɓatar da ita. CD da DVD da Blu-ray kowanne yana da dabararsa a kan wannan, kuma sanin dabarun ya fi karanta lambobin jikin kwali sauƙaƙa zaɓi.

Asalin matsalar shi ne faifai ba shi da wani layi na dabam da ke ɗauke da bugun agogo. Layi ɗaya ne tak ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, a kansa ramuka da sarari a jere. Mutane da yawa suna zaton rami shi ne 1, sarari kuma 0, alhali gaɓar da rami ya fara ko ya ƙare ita ce 1, duk tsawon da ke tsakanin gaɓa da gaɓa kuwa jerin 0 ne, kuma na'ura tana sanin adadinsu ne kawai ta hanyar auna lokacin da ya shuɗe. Ke nan dole ta riƙe agogo a cikinta, wanda take gyara wa taku duk sa'ad da ta ci karo da gaɓa, kamar mai rawa da ke saita ƙafarsa da kowane bugun ganga. Idan makaɗi ya yi dogon shiru, kowane mai rawa zai ci gaba da ƙirge a zuci, kuma kafin ganga ta dawo ƙafafu sun saɓa. Injin da ke juya faifai ba ya gudu da sauri ɗaya cif, faifan kansa ba ya zama daidai a tsakiya, saboda haka doguwar tazara babu gaɓa tana iya sa na'ura ta ƙirga 0 ashirin da ɗaya a inda aka rubuta ashirin, daga nan duk abin da ya biyo baya ya goce daga mazauninsa. Idan kuma gaɓoɓin suka matsu da juna ƙwarai, ɗigon hasken leza ya fi ramin girma, ba zai iya rarrabe su ba. Mafita ita ce a sauya wa bayanai siffa kafin a rubuta su, ta yadda babu rami ko sarari da zai gaza wani tsawo, babu kuma wanda zai zarce wani tsawo.

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fitar da ƙa'idar CD a 1980, na'urar farko kuma ta shiga kasuwar Japan a watan Oktoba na 1982. Tsarin rubutun da suka ɗauka shi ake kira EFM, kuma injiniyan Philips ɗan ƙasar Holan, Kees Schouhamer Immink, shi ne aka fi dangantawa da shi. A wannan tsari ana musanya kowane bit 8 na bayanai da wata kalma mai taku 14, wato mai tsawon bugun agogo 14, daga wani jadawali. A cikin dukkan kalmomi masu taku 14 da za a iya haɗawa, 267 ne kacal suka cika sharaɗin cewa tsakanin 1 da 1 a sami 0 aƙalla biyu, kada kuma su wuce goma, sai aka zaɓi 256 daga ciki, daidai adadin da bayit ɗaya, wato bit 8, ke buƙata. Shi ya sa rami mafi gajarta a CD taku 3 ne, mafi tsawo taku 11. Amma kalmomi biyu ingantattu suna iya karya sharaɗin a mahaɗarsu, don haka aka sanya taku 3 na ɗinki tsakanin kowace kalma da ta gabanta. Takun ɗinkin suna da wani aiki na biyu, domin ana zaɓar su ne ta yadda jimillar tsawon ramuka za ta yi kunnen doki da jimillar sarari, kasancewar idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, sashen da ke riƙe haske a kan layi da wanda ke tantance haske da duhu duk suna rikicewa. Ladan wannan aminci yana da tsada: taku 17 ake kashewa a kan bit 8, wato fiye da ninki biyu.

Sanin inda bit ya fara bai wadatar ba sai an san inda kalma ta fara. Saboda haka aka karkasa layin zuwa ƙunshi-ƙunshi, kowanne taku 588, kuma kowanne yana buɗewa da wata alama mai taku 24 wadda a cikinta tsawon taku 11 ya zo sau biyu a jere, abin da tsarin ya hana ya bayyana a cikin bayanai na gaskiya. Ƙunshi 7,350 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, don haka na'urar da ta ɓata hanya ba ta daɗewa kafin ta sake cin karo da alama. Tsarin gyaran kuskure na CD yana warwatsa bayanan da ke maƙwabtaka zuwa wurare masu nisa da juna a kan layin, kuma yana iya maido da abin da karce mai tsawon kusan milimita biyu da rabi ya shafe.

A nan ne zaɓi na farko yake, kuma shi ne wanda aka fi yin kuskure a kansa, domin faifan CD ɗaya ana iya rubuta shi ta hanya biyu masu bambancin aminci sosai. Idan aka rubuta shi a matsayin faifan sauti, irin wanda rediyon mota ke karantawa, duk bayit 2,352 na kowane sashe, wato kowane yanki da aka raba bayanan faifai zuwa gare shi, sauti ne zalla, babu wani kan bayani a cikinsa da ke cewa ga lambar wannan sashe. Lokaci yana tafe ne a wata siririyar hanya ta gefe, kuma daidaitonsa bai wuce kashi ɗaya cikin 75 na daƙiƙa ba. Wannan ya isa ga mai saurare, amma ga mai son kwafo sautin zuwa kwamfuta bayan shekaru, na'ura tana iya tsayawa ta ci gaba daga wurin da ya ɗan goce, a sami ƙwas-ƙwas a mahaɗar. Abin da ya fi wannan muni shi ne idan kuskure ya fi ƙarfin gyara, na'urar sauti ba ta sanar da kowa, sai ta yi kirdadon abin da ya ɓace daga na gabansa da na bayansa ta wuce, faifai yana lalacewa mai shi bai sani ba. Idan kuwa aka rubuta shi a matsayin faifan bayanai, kowane sashe yana da bayit 12 na alamar farawa, bayit 4 na adireshi, bayit 2,048 na kaya, sauran kuma ƙarin kariya ce a bisa wadda ke ƙasa. An rasa fili, domin faifan minti 80 yana ɗaukar megabayit 700 ne kawai na fayiloli, amma fayil ko dai ya fito cikakke ko kwamfuta ta ce ya lalace. A ganina duk wanda ajiya ce manufarsa bai kamata ya rubuta faifan sauti ba ko kaɗan. Ya adana fayilolin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa rage ingancin sauti, a faifan bayanai, ya bar faifan sauti ga wanda zai saurara a mota.

Duk abin da ya gabata ya shafi karatu ne. Wajen rubutu akwai wata tambayar: faifan da babu komai a kansa, ina na'ura za ta samo taku? Amsar ita ce sabon faifai ba fanko ba ne gaba ɗaya. Tun daga masana'anta an zana masa kwarin da haske zai bi, kuma kwarin ba miƙaƙƙe ba ne, yana ɗan tangaɗi dama da hagu a bisa ƙa'ida. A CD-R, wato CD mai rubutuwa sau ɗaya, tangaɗin yana maimaituwa sau 22,050 a daƙiƙa idan faifai na juyawa da saurinsa na asali, wato sau ɗaya a kowane taku 196, kuma a cikin ƙananan sauye-sauyen tangaɗin aka ɓoye lokaci da bayanin irin faifan. Da shi na'ura ke saita gudun injinta, da shi take sanin inda take. Rauninsa shi ne ba shi da tsananin daidaito da zai ba na'ura damar tsayawa ta dawo kan ainihin takun da ta bari. Shi ya sa a shekarun 1990 faya-fayai da yawa suka tafi shara: na'ura tana da 'yar ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke cika mata, idan kwamfutar ta shagala da wani aiki ma'ajiyar ta ƙare, rubutu ya yanke, faifai ya mutu. Ma'ajiyar megabayit 2 a saurin 48x, wato ninki 48 na saurin asali, ba ta kai sulusin daƙiƙa ba take ƙarewa. Sai a wajen shekarar 2000 Sanyo ya fito da dabarar BURN-Proof, Ricoh ya fito da JustLink, inda na'ura ke dakatawa da kanta kafin ma'ajiya ta ƙare, ta sake karanta abin da ta rubuta don ta kamo taku, sannan ta ɗora. Mahaɗar tana nan, an dai ƙanƙanta ta yadda gyaran kuskure zai haɗiye ta. Mai son ƙara kaya a CD-R lokaci bayan lokaci kuma ya sani cewa rufe zaman farko yana cin kusan megabayit 23, kowane zama na baya kusan 14.

DVD ya samo asali ne daga sulhun da aka yi a 1995 tsakanin ɓangaren Philips da Sony da kuma ɓangaren Toshiba da abokansa, ya fita kasuwa a Japan a watan Nuwamba na 1996. Tsarin rubutunsa, EFMPlus, shi ma aikin Immink ne. Iyakokin ba su sauya ba, taku 3 zuwa 11, amma an kawar da takun ɗinki, bit 8 suna komawa taku 16 kai tsaye, ta hanyar jadawali da yawa waɗanda na'ura ke zaɓa a tsakaninsu gwargwadon yadda kalmar baya ta ƙare. Taku ɗaya da aka rage daga 17 ya ba da ribar kusan kashi 6 cikin ɗari. Alamar farawa a nan tana ɗauke da tsawon taku 14, wanda ba zai taɓa fitowa a cikin bayanai ba, tana zuwa a kowane taku 1,488, kuma iri takwas ce, ta yadda jerin alamun kansa yana gaya wa na'ura a wane wuri take a cikin sashe. Kowane sashe yana da adireshinsa, ko bidiyo ne ko fayil, saboda haka matsalar faifan sauti ba ta taso ba sam. Ana ɗaure sashe 16 a dami ɗaya na kilobayit 32 a yi musu gyaran kuskure a tsaye da a kwance, abin da ke iya rufe karce mai tsawon kusan milimita 6, duk da cewa ramukan sun ƙanƙance daga maikiromita 0.83 zuwa 0.4.

Mai saye zai tarar da iri biyu a shago, DVD-R da DVD+R, farashinsu kusan ɗaya, kuma mai shago galibi zai ce duk ɗaya ne. Ta fuskar cin kaya gaskiya ya faɗa, domin bambancinsu bai wuce megabayit 7 ba cikin gigabayit 4.7. Ta fuskar taku kuwa ginin ya sha bamban. DVD-R, wanda Pioneer ya fitar a 1997, tangaɗinsa yana maimaituwa sau ɗaya a kowane taku 186, kuma adireshi ba a cikin tangaɗin yake ba, yana cikin wasu 'yan ƙananan ramuka da aka huda a kan tudun da ke tsakanin kwari da kwari. Waɗannan ramuka suna da wuyar gani idan gudu ya yi yawa, kuma rubutun da ke gefensu yana iya dusashe su. DVD+R, wanda ya fito a 2002 daga ƙawancen da ya haɗa Philips da Sony da HP da Ricoh da wasu, tangaɗinsa yana maimaituwa a kowane taku 32, kusan ninki shida ke nan, kuma adireshin yana cikin tangaɗin kansa ta hanyar juya fuskarsa a wurare sanannu. Ganga mai yawan bugu ta fi riƙe ƙafar mai rawa, don haka na'ura a kan DVD+R tana iya tsayawa ta dawo ta ɗora kusan babu giɓi, yayin da ƙa'idar DVD-R ta asali ta ware kilobayit 2 ko 32 da ake sadaukarwa a kowace mahaɗa.

Sai dai adalci ya sa a faɗi iyakar wannan fifiko. Idan aka shirya kaya gaba ɗaya aka rubuta faifai a zama ɗaya ba tsayawa, da na'ura mai kyau da faifai mai kyau, mai kallo ba zai ga wani bambanci ba, kuma ingancin masana'antar da ta yi faifan ya fi alamar da ke tsakanin DVD da R tasiri. Bambancin yana bayyana ne ga mai ƙara kaya kaɗan-kaɗan, da mai naɗa kai tsaye daga kyamara ko talabijin, da mai tsohuwar kwamfuta da ke yawan sa na'ura jira. Akwai kuma gefen da DVD-R ya yi gaba, wato tsofaffin na'urorin kallo da aka ƙera kafin DVD+R ya bayyana, waɗanda wasunsu ba su san shi ba. Wasu na'urorin rubutu suna iya sauya wa DVD+R shaidar da ke farkonsa ya bayyana a matsayin faifan masana'anta, kuma hakan yana magance yawancin matsalar, amma ba kowace na'ura ce ke da wannan dama ba. Faifai mai hawa biyu na gigabayit 8.5 kuwa, ban ga dalilin amfani da shi wajen ajiya ba, domin sauya hawa wuri ne da na'ura ke sakin taku ta sake nemansa, kuma faifai biyu masu hawa ɗaya sun fi shi aminci.

Blu-ray, wanda ya shiga kasuwa sosai a 2006, ya bar gidan EFM gaba ɗaya. Haskensa shuɗi ne mai tsawon zango nanomita 405, idan aka kwatanta da 650 na DVD da 780 na CD, tazarar layukansa maikiromita 0.32, kuma tsarin rubutunsa, 17PP, yana mayar da bit 2 zuwa taku 3, rami mafi gajarta taku 2, mafi tsawo taku 8, alamar farawa kuma taku 9. A nan akwai ciniki da ya cancanci a tsaya a kansa. A DVD kowane taku rabin bit ne na bayanai, a Blu-ray kuwa kashi biyu cikin uku ne, ma'ana tagar da gaɓa za ta faɗa a cikinta a karanta ta daidai ta fi faɗi idan aka auna da yawan bayanan da ake ɗauka, don haka rawar gaɓoɓi ba ta saurin zama kuskure. Abin da aka bayar a madadin haka shi ne ramin taku 2, mai tsawon nanomita 149, ya yi ƙanƙanta har siginarsa tana da rauni ƙwarai. Tsarin ya iyakance yawan irin waɗannan gajerun ramuka da za su zo a jere, domin jerinsu mai tsawo yana iya sa agogo ya zame, kuma na'urorin karatu galibi ba sa yanke hukunci a kan kowace gaɓa ita kaɗai, suna duba jerin siginar ne su zaɓi rubutun da ya fi dacewa da ita. Taku ɗaya a nan kusan nanodaƙiƙa 15 ne a saurin asali, na DVD 38, na CD 231.

Inda Blu-ray ya fi burge ni shi ne yadda aka ɗauki tsayawa da ci gaba a matsayin abin da dole zai faru. Damin bayanansa kilobayit 64 ne, kuma kowane dami da aka rubuta yana da 'yar shimfiɗa a gabansa da bayansa wadda aikinta kawai ta ba agogon na'ura damar kama taku kafin kaya na gaskiya su fara, saboda haka mahaɗa ba rauni ba ce a jikin rubutun. Tangaɗin kwarinsa yana maimaituwa a kowane taku 69, da adireshi a ciki. A tsakiyar bayanan kuma an kakkafa wasu bayit masu kariya ta musamman kamar turaku; idan turke biyu da ke maƙwabtaka suka fito a lalace, na'ura ta san abin da ke tsakaninsu abin zargi ne, kuma gyaran kuskuren da aka san wurinsa ya fi na wanda ba a sani ba sauƙi ninki biyu.

Jikin faifan ma yana cikin lissafi, musamman a ƙasar da zafin bazara ke gasa cikin mota, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina. A CD bayanan suna dab da fuskar da ake rubuta suna a kai, ƙarƙashin ɗan siririn shafi, don haka karce daga sama ya fi na ƙasa illa. A DVD suna tsakiyar faranti biyu masu kaurin milimita 0.6 kowanne, wuri mafi kariya a cikin ukun. A Blu-ray suna da nisan milimita 0.1 kacal daga fuskar karatu, shi ya sa ake yi masa shafi mai tauri. CD-R da DVD masu rubutuwa sau ɗaya suna amfani da sinadarin rini wanda zafi da hasken rana ke koɗar da shi, kuma idan ya koɗe gaɓoɓin ramuka ne ke fara dusashewa, wato ainihin abin da agogo ke dogara da shi. BD-R, wato Blu-ray mai rubutuwa sau ɗaya, na yau da kullum, wanda ake kira HTL, ba rini yake amfani da shi ba, amma akwai mai araha da ake kira LTH wanda rini ne, kuma mai ajiya ya guje shi. M-DISC, wanda kamfanin Millenniata ya fitar a 2009, shi ma ba na rini ba ne, sai dai shekara dubun da ake tallata shi da ita hasashe ne daga gwajin ɗakin bincike. Ko goge ƙura yana da ƙa'ida da ta fito daga wannan bayani: a goge daga tsakiya zuwa baki, domin karcen da ya ratsa layuka yana cin ɗan kaɗan ne daga kowanne, wanda ya bi da'ira kuwa yana shafe dogon zango na layi ɗaya har da alamun farawarsa.

Akwai wani saɓanin taku da ake yawan ɗora wa faifai laifinsa alhali ba shi da hannu, wato baki ya motsa murya ta biyo baya. Bidiyon DVD yana ɗauke da hatimin lokaci a kan sauti da hoto, bisa agogo mai bugu 90,000 a daƙiƙa, kuma muddin an shirya fayil ɗin daidai, na'ura za ta haɗa su daidai. Ɓarnar tana faruwa ne tun a kwamfuta. Sautin CD da na VCD ana ɗaukarsa sau 44,100 a daƙiƙa, na DVD sau 48,000, kuma idan manhaja ta karanta na farko a matsayin na biyu ba tare da ta juya shi ba, murya za ta yi sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari. Najeriya da Nijar suna kan tsarin hoto 25 a daƙiƙa, Amurka da Japan suna kan 29.97, kuma ko ɗan bambancin da ke tsakanin 29.97 da 30 yana taruwa ya zama daƙiƙa 3.6 a awa ɗaya. Wayoyin hannu kuma suna sauya yawan hotuna a daƙiƙa gwargwadon haske, don haka bidiyon waya sai an daidaita shi zuwa adadi tsayayye kafin a mayar da shi DVD. Idan saɓanin yana ƙaruwa a hankali daga farkon bidiyo zuwa ƙarshe, a koma kan fayil, sauya faifai ba zai yi magani ba. Idan kuwa hoto ne ke daskarewa yana farfashewa a wuri ɗaya ko da yaushe, to faifai ne ko rubutunsa.

Lissafi ɗaya zai nuna yadda zaɓin ke kasancewa a aikace. A ɗauka tafsirin kwana 30 ne, awa biyu kullum, jimilla awa 60. A faifan sauti na minti 80 ana buƙatar guda 45, kowanne da raunin da aka ambata. A matsayin MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa, duka bai wuce gigabayit 3.5 ba, DVD ɗaya ya ɗauke shi, kuma wannan ya dace da rabawa jama'a. A matsayin WAV mai ingancin CD kuwa, awa ɗaya megabayit 635 ce, jimilla gigabayit 38, wato DVD tara ko BD-R biyu masu gigabayit 25. Ga asalin naɗi da ba a son a rasa, BD-R na HTL nake ba da shawara, kwafi biyu a ajiye a gidaje biyu. Wanda ba shi da na'urar Blu-ray ya ɗauki DVD+R na kamfani sananne. Mai bidiyon biki da bai san irin na'urar da ke gidan abokin cinikinsa ba ya ɗauki DVD-R mai hawa ɗaya, ya rubuta a zama ɗaya, ya rufe faifan, kuma kada ya cusa fiye da awa biyu, domin awa biyu a gigabayit 4.7 ta riga ta sauko da shi zuwa kusan megabit 5 a daƙiƙa. Abin da ke rage wa Blu-ray daraja a wannan lissafi shi ne kasuwarsa tana tsukewa: Panasonic ya daina yin faya-fayansa masu rubutuwa a 2023, Sony ya bi sahu a 2025, don haka mai dogara da shi ya tanadi na'urar karatu ta biyu tun ana samu.

Saurin rubutu yana taɓa taku kai tsaye. A 16x faifan DVD yana juyawa fiye da sau 9,000 a minti, lokacin da leza ke da shi don zana kowace gaɓa ya ragu ƙwarai, gaɓoɓin suna fitowa da rawa, kuma wasu na'urori suna raba faifan shiyya-shiyya suna tsayawa su ƙara gudu, kowace tsayawa mahaɗa ce. Sauka zuwa mafi ƙarancin gudu ma ba dabara ba ce, domin an haɗa sinadarin faifan zamani ne don gudu mai yawa. Wajen rabin abin da aka rubuta a kwali ya fi dacewa, kamar 8x ga DVD mai 16x, ko 4x ga BD-R mai 6x. Dabarar dakatawa da ɗorawa kuma tana aiki ne idan kwamfuta ta makara, ba ta ceton faifai idan aka ɗauke wuta a tsakiyar rubutu, saboda haka a inda lantarki ba shi da tabbas a yi aikin da kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji ko a jona UPS. Bayan an gama a sa manhaja ta sake karanta faifan ta gwada shi da asalin fayilolin, in da hali a wata na'urar dabam, tunda na'urar da ta rubuta ta fi kowace iya karanta rubutunta. Bakin faifai shi ne inda shafin rini ya fi rashin daidaito, nan ne yatsu ke taɓawa, nan ne kuma gudu ya fi yawa, don haka a DVD a bar megabayit 200 zuwa 300 na ƙarshe babu komai.